Kunyar Ɗiyar Fari a Ƙasar Gana

Da sunan Allah nake ɗora biro a takarda, da hannun da bai iya riƙe shi ba sai bayan haihuwa huɗu. A ajin yaƙi da jahilci na Safana na koya, bayan mun taso daga Darini a shekarun da zaman ƙauye ya gagare mu. Wanda ya ga kuskure ya yi mini uzuri.

Mu biyu muka yi tafiyar, ni da ɗiyata ta fari, tana da shekara tara. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon fuskarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta nuna nata ne. Idan kun ga sunanta a takardar nan, to a bakin wani na sa shi. Ni "yarinyar" nake cewa.

Yarinyar ba ta magana, sai dai ta maimaita kalma ɗaya ko biyu da ta ji. Ba ta son a taɓa ta ba zato, ba ta son hayaniya, ba ta haɗa ido da kowa. Tana da wani murfin kwano da take juyawa a ƙasa, ta kara kunne tana sauraron ƙararsa. Mutane suka ce iska ce. An yi turare, an yi rubutu. Wata rana da 'yan bindiga suka shigo muka ɓuya a cikin gero da rana tsaka, kowa ya yi tsit, ita tana ta gunjinta a maƙogwaro. Maƙwabciyata ta ce ko in toshe mata baki ko in matsa da ita. Na matsa. Har yau ban ga laifin matar ba.

Wadda ta kira mu Gana ita ce Hadiza, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Muna yara aka kai ni Babban Duhu in riƙa ɗebo wa kakarmu ruwa, ita aka kai ta Safana gidan kawunmu malamin firamare. Ba don mugunta aka yi ba, ni ce babba, ni ke iya ɗaukar tulu. Ta yi karatu har ta zama mai koyar da masu koyon malanta a kwaleji. Aurenta ya mutu ba haihuwa, sai ta ƙara riƙe littafi. Aka tura ta Gana neman digiri na uku, a kan yadda za a koyar da yara irin tawa a aji ɗaya da sauran yara. Da bakinta ta ce yarinyar ce ta sa ta zaɓi wannan karatu. Na ce Allah ya ƙara ɗaukaka, kuma har zuciya na faɗa. Amma a ƙarƙashin addu'ar akwai wani abu mai ɗaci. Ni na haifa, ni na sha rainon, ita ce za a kira Dakta.

Ba zan tsaya kan yadda muka bar gida ba. Daga Legas wahalar ta soma.

Tashar motocin Gana kamar an tara kasuwanni goma an kunna musu rediyo. Yarinyar ta toshe kunnuwa ta kwanta a ƙasa tana ihu, mutane suka kewaye mu. Wani dattijo mai goro ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai ba Gana za ki kai ta ba, wajen malamai za ki kai ta." Na ce, "To Baba, Allah ya saka." Sai na yi abin da na saba yi a gida. Na zauna a gefenta, na ba ta kafaɗa, ban dube ta ba, ban ce komai ba. Na ajiye murfin kwanon a tsakaninmu na janye hannu, na shiga kwance ƙullin kayana ina sake ɗaurewa kamar ban san da ita ba. Can sai ihun ya ragu. Ta jawo murfin, ta matso, ta jingina bayanta da nawa. Duk duniya ni kaɗai take yi wa haka, kuma da shi nake rarrashin kaina.

A bakin iyakar Benin aka ce kowa ya sauka ya tsallaka da ƙafa. Layi ya yi tsawo, rana ta take. Wani mutum mai furfura a gemu ya zo da sallama, Hausarsa tas.

"Hajiya, daga ina?"

"Daga Safana."

"Allahu akbar, ashe 'yar gida ce! Ai kakata mutuniyar Batsari ce. Wannan yarinya ba ta iya layin nan. Kawo jakar, akwai ƙofar da ake bi da marasa lafiya."

Kwana biyu ban ji wanda ya ambaci Batsari ba, sai na ji kamar ɗan'uwana na gani. Na miƙa masa. Ya kai mu inuwar wata katanga ya ce mu jira ya yi magana da babba. Muna nan har inuwar ta bar katangar. Da na koma, motarmu ta wuce. Allah ya taimake ni takardunmu da wayata suna ɗaure a lalitata. Amma ya tafi da suturarmu, da garin kunu, da kuka da daddawar da na ƙullo wa Hadiza. Ya tafi da murfin kwanon.

Abin da yarinyar ta yi a wurin nan ba na son tunawa. Na zauna gefenta yadda na saba, amma babu abin da zan ajiye a tsakaninmu. Sai ga wata mata ƙatuwa mai fataucin atamfa, da gicciye a wuyanta. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Na kwatanta mata da hannu abu mai faɗi da ake juyawa. Ta kwance murfin kular abincinta, yarinyar ta yi jifa da shi. Ta kawo murfin bokiti, shi ma haka. Matar ba ta yi fushi ba, dariya ma ta yi. Ta je wajen mai sayar da shinkafa suka yi ta magana, ta dawo da murfin kwanon samira. Yarinyar ta juya shi sau ɗaya, ta kara kunne, ta sake juyawa. Ta yarda.

Matar nan ta cusa mu a motar da ta ɗauko wa dilolinta, muka bi ta Kwatano har Lome. A gidanta muka kwana. Ta shimfiɗa mini tabarma ta nuna mini gabas da yatsa. Da safe ta raka mu da ƙafa har ɓangaren Gana, ta tsaya sai da aka buga mana hatimi. Wayata ba ta aiki a can, sai ta miƙo tata. Ni da kaina na karanto lambar Hadiza daga takarda, ɗaya bayan ɗaya, ban yi kuskure ba. Har muka rabu ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da "mai atamfa".

A tashar Akra Hadiza ta tarye mu. Tun daga nesa ta ɗaga murya, "Nafisa! Nafisata!" A tsakiyar tasha, kowa yana ji. Ta zo ta durƙusa, ba ta taɓa ta ba, ta buɗe tafin hannu kawai. Yarinyar ta dubi hannun, ta ɗora mata murfin a kai. Kwana huɗu ina fama da ita a hanya ba ta taɓa miƙo mini shi ba. Hadiza ta ɗago tana hawaye ta ce, "Yaya, kin gani? Ta gane ni!" Na ce, "Na gani. Sannu da ƙoƙari."

Jami'ar tana wani gari a bakin teku. Hadiza ta kama ɗaki a zango, unguwar Hausawan can, a gidan Hajiya Memuna mai bandar kifi. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Ta karɓe mu hannu biyu, ta ba ni zannuwa biyu ta ce in riƙa canzawa kafin Allah ya hore. Abincinsu kifi da barkono da wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye. Na ci don rai. Idan na tuna tuwon gero da miyar kuka sai in tuna mai furfurar nan, in yi ta istigfari don kada in yi masa mugun baki. Teku kuma ba ta yin shiru. Ina wanki in ji ta, ina salla in ji ta, sai in tuna ƙanana uku da na baro wa Inna, mahaifiyarmu, a ɗaki ɗaya a Safana.

Sati biyu da zuwanmu Hajiya Memuna ta same ni ina wanke kayan Hadiza, ta ce, "Malama ya yi sa'ar mai aiki. Kai kana kula da yarinyansa kamar naka." Na ɗago na dube ta. Hadiza ce ke kiran sunan, Hadiza ce ke yi mata waƙa, Hadiza ce ke riƙe hannunta zuwa makaranta, ni ina baya da kwanon abinci. Me zai hana ta zaci haka? Kuma ba ni da bakin gyarawa, don uwa ba ta cewa ɗiyar fari tata ce. Na ce, "Allah ya raya ta," na ci gaba da cuɗa. Ranar sai da na yaga wa Hadiza hannun riga.

Makarantar yaran tana jikin jami'ar. Aji ne na yara masu lafiya, da 'yan kaɗan irin tawa a cikinsu. Ɗalibai masu koyon malanta suna shiga bi da bi, Hadiza tana zaune a baya tana rubuta abin da suka yi, in an tashi ta tara su ta yi musu gyara. A bango an jera hotuna, na wanke hannu, na littafi, na abinci, don yaron da ba ya jin bayani ya ga abin da ke biye da wani. Na taɓa leƙawa na ga ƙanwata a tsaye tana zuba Turanci, manyan mutane masu gemu suna rubutawa. Wannan yarinya da na goya a gonar gyaɗa. Na ji daɗi, na rantse na ji daɗi. Sai kuma na dubi hannuna da warin kifi.

Mai duba aikin Hadiza wata 'yar tsohuwa ce mai farin gashi a aske, ana ce mata Madam Efuwa. Ita ta ce kafin a tsara wa yarinyar karatu sai ta ga yadda take da uwarta. Aka sa mu a wani ɗaki mai tabarma da kayan wasa. Madam da Hadiza da ɗalibai biyu suka zauna a kujeru da takardu. Hadiza ce tafinta.

"Yaya, cewa ta yi ki kira ta da sunanta, a ga ko tana waiwayowa."

"A gabansu?"

"Yaya, nan ba Darini ba ce."

Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na ce, "Ke. Ke, zo nan." Yarinyar ba ta motsa ba. Madam ta rubuta. Aka ce in dubi fuskarta in yi mata wasa. Na dubi tabarma. Madam ta sake rubutawa, ta yi wata doguwar tambaya, Hadiza ta ba ta gajeriyar amsa.

A hanyar gida na ce, "Hadiza, kin gaya mata al'adarmu ce?"

"Na ce kina jin nauyin baƙi."

"Jin nauyi daban, kunyar ɗan fari daban. Kin sani."

"Yaya, in na fara wannan bayani cewa za su yi duk mutanenmu ba sa son 'ya'yansu. Ki bari kawai."

Na bari. Amma na yi ta juya abin a raina. Kunyar ƙauyancinmu take ji, ko kuwa daɗi ya yi mata a rubuta cewa uwar ba ta kula, ƙanwar uwar ce ke kula? Allah ne ya san zuciya. Ni dai mummunan na zaɓa na riƙe.

Makonnin farko aji ya ƙi yarinyar. Ɗaliban nan suna da kirki, kirkin ne ma ya yi yawa. Kowacce ta zo sai ta tsuguna a gabanta, fuska da fuska, tana kiran sunanta tana tafi tana murmushi. Yarinyar ta shige ƙarƙashin tebur. Rannan ta ciji wata a hannu har ya yi jini. Aka fara maganar ko ajin bai dace da ita ba. Hadiza ta daina cin abinci sosai, don in yarinyar ta fita, rabin aikinta ya fita.

Wata safiya ina zaune a gindin bishiyar da nake jira, aka aiko in zo da sauri. Na tarar ta kwanta tana buga kai da ƙasa, an fitar da sauran yara, Hadiza tana kiranta ba ta ji. Ban tambayi kowa ba. Na zauna gefenta na ba ta kafaɗa, na ajiye murfin, na kama bakin mayafina ina warware zaren da ya zazzago. Ban san Madam tana bakin ƙofa ba. Da yarinyar ta jingina da bayana, tsohuwar ta shigo a hankali ta yi wa Hadiza tambaya. Hadiza ta amsa. Ta sake tambaya, wannan karon da kaifi. Sai na ga ƙanwata ta sunkuyar da kai ta yi magana mai tsawo, na ji "Darini" a ciki, na ji "ɗan fari" da Hausa. Madam ta dafa kanta ta yi wa kanta dariya. Ta buɗe littafinta ta nemo wani shafi, ta ja masa layi daga sama har ƙasa, ta juyo ta nuna mini.

Haka aka yi ni, Rabi ta yaƙi da jahilci, na zauna a tabarma a gaban ɗalibai cike da ɗaki ina koya musu zama. Na ce kada ki fuskance ta. Kada ki kira ta. Abin da za ki ba ta, ajiye shi a tsakaninku ki janye hannu. Ki nemo wa hannunki abin yi. Sai ki jira, ko da jiran ya ishe ki. Akwai wata doguwa mai suna Akosuwa, bakinta ba ya rufuwa, ta zauna kaɗan sai ta waiwaya ta ce wani abu. Na ce wa Hadiza, "Gaya mata ta zauna kamar uwar mijinta ce a gefen." Ɗakin ya fashe da dariya, har Madam. Akosuwa ta gyara zama ta yi tsit.

Hadiza ta rubuta babi guda a kan wannan zama. Ta nuna mini shafin godiya, na ga sunana, na karanta shi da kaina sau uku. Na wuni da farin ciki. Bayan sati biyu Madam ta tafi da ita taro a Akra ta yi jawabi a kansa, ta dawo da hoto ana miƙa mata hannu. Ni ina gida ina taya Hajiya Memuna juya kifi.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babban shi ne abin ya yi aiki. Yarinyar ta fito daga ƙarƙashin tebur. Ta fara bin hotunan bango, ta fara zama kusa da wata yarinya mai kitso biyu, ta fara jan layi da alli. Rannan na leƙa ta taga na ga Akosuwa a zaune tana feƙe fensir, yarinyar ta jingina bayanta da nata. Na koma gindin bishiya na zauna. Abu ɗaya ke gare ni wanda Hadiza ba ta da shi, littafi ba shi da shi, kuma da hannuna na raba wa baƙi. Na yi alhamdu lillahi da baki kawai.

Wata na biyar, bayan la'asar, maigidana ya kira. Wayata ta lalace, sai a babbar murya take magana, don haka duk tsakar gida ana ji. Hajiya Memuna tana gefe, Hadiza tana bakin ƙofa da takardu, yarinyar tana juya murfinta. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya baƙunta, ya ruwa. Ya ce ruwa ya sauka, an ba shi aron gona kusa da gari inda ake iya zuwa a dawo lafiya, yara sun ishi Inna, in shirya in taho. Sannan ya ce, "Ita yarinya mun yi magana da Inna. An bar wa Hadiza riƙo, har abin da Allah ya yi. Dama ɗiyar fari ba ta uwa ba ce, ƙanwarki kuma ba ta da kowa. An ce ma za su riƙe ta aiki can in ta gama."

Na dubi Hadiza. Ba ta dube ni ba. Sai na gane ba yau aka fara maganar ba.

A wajenmu amsar wannan ɗaya ce, uwa ta ce "to", ko ma ta tashi ta ba da wuri kamar ba da ita ake ba. Haka Inna ta yi da aka kai ni Babban Duhu. Na ji "to" ɗin ta hau harshena. Ban san daga ina ɗayar amsar ta fito ba, muryata ko tashi ba ta yi ba.

"Malam, a yi mini afuwa. Karatu na kawo ta, ban kawo ta kyauta ba. Ɗiyata ce. Ina son abata."

Hajiya Memuna ta saki kifin hannunta. "La ilaha! Ashe kai ne ya haife shi?"

Maigidana ya ce, "Rabi, ke ce kuwa? To ga Inna, ki faɗa mata da bakinki."

Inna ta karɓa. "Mi na ji? Kunyar taki a ƙasar mutane kika zubar?"

"Na zubar, Inna. Ki yafe mini."

"Ɗiyar fari, Rabi? Wa kika gani ya yi haka a danginmu?"

"Ban gani ba, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ku ƙarata ke da ƙanwarki. Ni na cire bakina." Ta kashe.

Muka shiga ɗaki. Hadiza ta ajiye takardun ta ce, "Ni na roƙi Inna."

"Na sani."

"Shekara tara, Yaya, ban taɓa jin kin ce kina sonta ba."

"Wa ya ce miki faɗa ake yi?"

"To ki tafi da ita. Wane aji za ta shiga a Safana? Wane malami zai karɓe ta? Sati ɗaya za su ce ki zo ki ɗauki abarki."

"Ba ke ce mai koyar da malaman ba? Ko littafin naki na mutanen Gana ne kaɗai?"

Hadiza ta ce, "Kin san abin da kike cewa in bari? Madam ta ce in zauna. Ofis, ɗalibai, komai."

Na ce, "Na sani. Ba zan ɗauke ta yanzu ba, ban kai nan da son kai ba. Ta zauna har ki gama. Amma ranar da kika gama, ɗakina za ta dawo, ko da ke ko ba ke. Tun muna yara nake kallon abin da ke hannunki, Hadiza, ban taɓa cewa ki ba ni ba. Wannan ɗaya ne nawa."

Kwana uku ba mu yi magana ba sai gaisuwa. Hajiya Memuna ce ta yi ta shiga tsakani da kwanon koko, tana cewa ita fa ba a yi mata gaba a gida. A na huɗu Hadiza tana ɗaura ɗankwali, ba ta juyo ba, ta ce, "Zan dawo da ita. Zan koma kwalejin. Ba don ke ba." Na ce, "Ko don wa, Allah ya yi albarka."

Ranar tafiyata na raka yarinyar aji kamar kullum. Na zauna gefenta. Akosuwa ta zo ta zauna a ɗaya gefen, na tashi a hankali. Yarinyar ba ta waiwayo ba, tana jan layinta. Abin da na zo nema ke nan, shi ne kuma ya fi komai ciwo. Na kama hanya ni kaɗai, jakata a ƙirjina, duk wanda ya ce kakarsa 'yar Batsari ce ban ko amsa sallamarsa da kyau ba.

Na tarar labari ya riga ni isa Safana. Inna ta yi sati ba ta ci abincina ba. Matan ajinmu suna ganina sai su ce ga mai ɗiya ta iso. Na haɗiye. Damina biyu na yi ina jira, ina jin muryar yarinyar a waya tana ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci, Hadiza tana tafa mata.

Bayan ƙaramar salla suka dawo. Hadiza ta zama Dakta, ta koma kwalejinta, kuma tun kafin ta iso ta shirya a riƙa turo ɗalibanta gwajin koyarwa a firamaren unguwarmu, inda aka yi wa yarinyar wuri. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba, ajin ya cika, hotunan bango sau biyu ana yage su. Amma tana zuwa.

Ranar da suka iso, Hadiza ta shigo tsakar gida da akwatin yarinyar a hannu. Ta tsaya tsakanin ɗakin Inna da nawa. Na ɗaga labule na ce, "Nan." Ta shigar da shi ta ajiye, amma hannunta bai saki mariƙin ba. Yarinyar ta wuce ta gefenta ta hau gadona ta zauna. Na dubi fuskar ƙanwata na ga abin nan mai ɗaci, na gane shi sarai, don shekara talatin ina ɗauke da irinsa. Allah ya yafe mini, sai da na bari ta ɗan tsaya da shi kafin na ce, "Dakta, saki akwatin ki zo ki sha ruwa."